Alƙaluma a Gaban Alƙali: Shin Dole Ne Masu Shari'a Su San Ƙididdiga?

Alƙali ba ya halartar abin da yake hukunci a kansa. Labarin abin da ya riga ya wuce ake kawo masa, ta bakin shaidu da takardu da rahoton likita, shi kuma ya auna ya yanke. Shi ya sa dokokin shaida ba su ɗora masa neman tabbacin da babu ko ƙwayar shakka a cikinsa ba. A rigimar haƙƙi tsakanin mutum da mutum, wanda hujjarsa ta rinjaya shi ke da nasara, ko da rinjayen bai taka kara ya karya ba. A tuhumar laifi kuwa, sai hujja ta yi ƙarfin da mai hankali ba zai ga wata kafar shakka mai ma'ana ba. Ma'aunan nan biyu duk magana ce ta yiwuwa: cikin labaran da aka kawo, wanne ya fi kusa da gaskiya, kuma da wace tazara. Akwai kuma fannin ilimi da auna yiwuwa shi ne sana'arsa, wato ƙididdiga da lissafin yiwuwa. Daga nan muhawarar ta taso. Wasu masana na ganin lauya ko alƙalin da bai san tushen wannan ilimi ba yana aiki ne da ma'aunin da bai iya karantawa ba. Wasu kuma na ganin shari'a ba lissafi ba ce, kuma idan aka bar alƙaluma suka mamaye zauren kotu, adalci ne zai yi asara.

Hujjar da ɓangaren farko ya fi kafawa ita ce shari'ar Sally Clark, wata lauya 'yar Ingila. Ɗanta na fari, Christopher, ya rasu a watan Disamba na 1996 yana da mako 11 a duniya. Na biyu, Harry, ya rasu a watan Janairu na 1998 yana da mako 8. Aka tuhume ta da kashe su duka biyun. A zaman kotun da aka yi a birnin Chester a 1999, wani fitaccen likitan yara, Farfesa Roy Meadow, ya ba da shaida cewa a gida irin nasu, mai rufin asiri, inda ba a shan taba kuma uwar ba yarinya ba ce, yiwuwar jariri ya yi mutuwar fuju'a wadda ba a san dalilinta ba ɗaya ce cikin 8,543. Sai ya ninka 8,543 sau 8,543, ya ce yiwuwar haka ta auku sau biyu a gida ɗaya ita ce ɗaya cikin miliyan 73, abin da sai a yi shekara ɗari ba a gani ba a ƙasar. Mutum 10 daga cikin 12 na masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka same ta da laifi, aka yanke mata ɗaurin rai da rai.

Kurakurai biyu ne a cikin wannan adadi, kuma ɗalibin shekarar farko a sashen ƙididdiga zai iya tsamo su. Na farko yana wurin ninkawar. Ana ninka yiwuwa biyu ne kawai idan aukuwar abu na farko ba ta ƙara komai ko rage komai game da aukuwar na biyu, kamar mai jefa kwabo sama sau biyu. Jarirai biyu 'yan ciki ɗaya ba haka suke ba. Sun haɗa jini, sun haɗa ɗaki da iskar da suke shaƙa da yadda ake kwantar da su. Idan wata larura ta gado ko ta muhalli ce ta ɗauki na farko, to na biyu yana cikin haɗarin da ya fi na sauran jariran gari nesa ba kusa ba. Ninkawar ta ɗauka cewa babu irin wannan alaƙa, alhali babu wanda ya tabbatar da hakan.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa, ya kuma fi ɓarna. A ce ma adadin daidai ne. Abin da yake faɗi shi ne: idan uwa ba ta aikata komai ba, da wuya ƙwarai ta rasa jarirai biyu ta wannan hanya. Abin da mai sauraro yake ji kuwa shi ne: tun da ta rasa biyu, da wuya ƙwarai a ce ba ita ta kashe su ba. Maganganun sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Jariran sun riga sun mutu, abu mai wuyar aukuwa ya riga ya auku. Abin da ya rage gaban kotu shi ne zaɓi tsakanin bayanai biyu waɗanda dukkansu ba kasafai ake ganinsu ba: mutuwar Allah da Annabi sau biyu, ko uwa ta kashe 'ya'yan cikinta sau biyu. Dole a ɗora su a kan sikeli ɗaya. Wani farfesan lissafi a Jami'ar Salford, Ray Hill, ya yi wannan awo ya wallafa a 2004, ya ga cewa mutuwar fuju'a sau biyu ta fi kisa sau biyu yiwuwa da ninki 4.5 zuwa 9. Masu bincike biyu a Amurka, William Thompson da Edward Schumann, tun a 1987 suka laƙaba wa irin wannan juya magana suna, suka kira ta ruɗin mai gabatar da ƙara.

Abin da ya fi sosa ran masu wannan ra'ayi shi ne zauren cike yake da ƙwararrun lauyoyi da gogaggen alƙali, ita kanta wadda ake tuhuma lauya ce, amma adadin ya wuce ba tare da an warware shi ba. Wanda ya kawo shi likita ne, ba masanin ƙididdiga ba. Ɗaukaka ƙarar farko ta faɗi a 2000. A watan Oktoba na 2001 babbar ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fitar da sanarwa a bainar jama'a cewa adadin ba shi da tushe. Sai a watan Janairu na 2003 aka saki Sally Clark, bayan ta shafe fiye da shekara uku a gidan yari. Ba ta sake komawa daidai ba har ta rasu a 2007. Gaskiyar tarihi dai ita ce ba lissafi ne ya buɗe mata ƙofa kai tsaye ba. An gano cewa likitan da ya binciki gawar Harry bai bayyana sakamakon wani gwaji da ya nuna ƙwayoyin cuta a jikin yaron ba. Amma alƙalan ɗaukaka ƙara sun nuna cewa batun adadin shi kaɗai ma da ya isa dalilin rushe hukuncin.

Irin haka ta faru a ƙasar Holan da wata ma'aikaciyar jinya, Lucia de Berk, wadda aka yanke wa ɗaurin rai da rai a 2003. An lura cewa majinyata suna yawan rasuwa a lokacin da take bakin aiki, aka kawo wa kotu adadin ɗaya cikin miliyan 342 a matsayin yiwuwar hakan ya zama dace kawai. Daga baya masana irin su Richard Gill suka nuna cewa cutar tana cikin yadda aka tattara bayanan. Sai da aka fara zarginta sannan aka koma ana tantance wace mutuwa ce abin tuhuma, kuma sanin cewa tana wurin ya shiga cikin tantancewar. An wanke ta a 2010. Lauyan da ya san cewa tambayar farko game da kowane adadi ita ce wa ya tattara shi, yaushe, kuma yana neman me, da ya kama wannan tun da wuri.

Gwajin ƙwayoyin halitta na DNA, wanda Alec Jeffreys ya gano hanyarsa a Jami'ar Leicester a 1984, ya sa wannan matsala ta zama ta yau da kullum, domin sakamakonsa a siffar yiwuwa yake zuwa. A ɗauka ƙwararre ya ce jinin da aka samu a wurin laifi ya dace da na wanda ake tuhuma, kuma mutum ɗaya cikin miliyan ne jininsa zai dace haka. Idan mutanen da za su iya aikata laifin sun kai miliyan 10, to ana sa ran kusan mutum 10 jininsu zai dace. In babu wata hujja ban da jinin, wanda ke tsaye a akwatin tuhuma ɗaya ne daga cikin wajen goma, ba mutumin da aka tabbatar da laifinsa da tazarar miliyan ba. In kuwa akwai shaidar da ta sa shi a unguwar a daren, lissafin ya sauya gaba ɗaya, jinin ya zama hujja mai nauyin gaske. Ga kuma abin da adadin ba ya ɗauke da shi sam, wato kuskuren ɗakin gwaji. 'Yan sandan Jamus sun shafe shekaru suna farautar wata mata da aka riƙa samun DNA ɗinta a wuraren laifi kusan 40, har da inda aka kashe wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. A 2009 aka gano cewa matar ma'aikaciya ce a masana'antar da ke haɗa tsinken audugar da ake ɗaukar samfur da shi. Gwajin bai yi ƙarya ba, DNA ɗinta ne. Tambayar da yake amsawa ce ba ita ake zaton yana amsawa ba.

Masu goyon baya suna da wata hujja ta daban, wadda ba ta tsaron kai daga kuskure ba ce. Akwai zaluncin da shaida ɗaya ba zai taɓa gani da ido ba, sai an tara lamurra da yawa an ƙirga. A shari'ar Castaneda da Partida ta 1977, Kotun Ƙolin Amurka ta duba wata gunduma a jihar Texas inda kashi 79 cikin 100 na jama'a 'yan asalin Meziko ne. Cikin shekara 11 an kira mutum 870 su zauna a kwamitin da ke duba tuhuma, amma 339 ne kawai daga cikinsu, wato kashi 39 cikin 100. Da zaɓen ya tafi ba tare da son kai ba, ana sa ran wajen 688. Kotun ta yi amfani da ma'aunin ƙididdiga ta nuna cewa irin wannan giɓi ya fi ƙarfin dace. Babu jami'in da ya furta cewa yana wariya, kuma babu takardar da ta ce a yi. Ƙirga ce ta fallasa abin.

To, ɗaya ɓangaren fa? Ba jahilai ba ne, kuma hujjarsu ta farko ita ma daga kotu ta fito. A 1964 aka ƙwace wa wata tsohuwa jaka a wata unguwa ta Los Angeles. Shaidu suka ce wata farar mace mai gashi ruwan zinare da aka ɗaure ta baya ce ta gudu ta shiga mota ruwan ɗorawa, baƙar fata mai gemu da gashin baki yana tuƙi. Aka kama Malcolm Collins da matarsa Janet. Shaidar gani da ido ba ta yi ƙarfi ba, sai mai gabatar da ƙara ya kira wani malamin lissafi, ya kuma ba kowace siffa adadi daga kansa: mota ruwan ɗorawa ɗaya cikin 10, gashin baki ɗaya cikin 4, ɗaurin gashi ɗaya cikin 10, launin gashin ɗaya cikin 3, baƙar fata mai gemu ɗaya cikin 10, baƙi da fara a mota ɗaya kuma ɗaya cikin 1,000. Aka ninka, aka sami ɗaya cikin miliyan 12, aka ɗaure su. A 1968 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta rushe hukuncin. Alƙaluman ƙirƙira ce, mai gemu kuma galibi yana da gashin baki don haka ba a ninka su, sannan duk lissafin ya ginu ne a kan cewa shaidun sun gani daidai. Abin da masu adawa ke fitarwa daga nan shi ne adadi yana da kwarjini. Da zarar an furta miliyan 12, sauran tambayoyi sukan yi shiru.

Laurence Tribe na Jami'ar Harvard ya faɗaɗa wannan tsoro a wata shahararriyar maƙala a 1971. Ya ce abin da ake iya ƙirgawa yakan danne abin da ba a iya ƙirgawa, ko da na biyun ya fi muhimmanci. Ana iya sa wa dacewar jini adadi, amma niyya fa? Yanayin fuskar shaida lokacin da aka matsa masa da tambaya fa, ko yiwuwar an shirya wa mutum gadar zare? Ya ƙara da cewa zaman shari'a ba injin gano gaskiya kaɗai ba ne. Wuri ne da al'umma ke nuna wa wanda ake tuhuma cewa ta ɗauke shi mutum. Idan kotu ta fito fili ta ce ta yarda da ɗaure mutum a kan yiwuwar kashi 95 cikin 100, ta amsa ke nan da bakinta cewa cikin kowane irin waɗannan fursunoni 20 ta shirya sadaukar da marar laifi ɗaya. Kowa ya san kotuna suna kuskure, amma akwai bambanci tsakanin kuskuren da aka yi iya ƙoƙari a guje masa da wanda aka yanka wa farashi tun kafin a zauna.

Wani masanin falsafa na Jami'ar Oxford, Jonathan Cohen, ya kawo misali a 1977 wanda har yau ba a gama kokawa da shi ba. Mutum 1,000 suna zaune a wurin kallon wasa. An san 499 ne suka biya kuɗin shiga, 501 ta katanga suka shigo, kuma ba a ba kowa tikiti ba. Mai wasan ya cafko mutum ɗaya ya kai shi kotu yana neman kuɗinsa. A lissafi, yiwuwar bai biya ba ta haura rabi, don haka hujja ta rinjaya. Amma da wannan hujjar za a iya cin dukkan mutum 1,000 ɗin, har da 499 da aka san sun biya. Babu alƙalin kirki da zai yarda da haka. Abin da ya ɓace shi ne hujjar da ta nuna wannan mutum shi kansa, ba taron da aka tsamo shi daga ciki ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun masu adawa, kuma duk mai gaskiya a ɗaya ɓangaren ya san ba a ture ta da sauƙi. Ƙididdiga tana magana ne a kan jama'a, shari'a kuwa a kan mutum ɗaya mai suna take sauka.

Kotunan Ingila sun gwada shigar da lissafin har cikin ɗakin yanke hukunci, ba su ji daɗinsa ba. A shari'ar Denis Adams, wanda aka tuhuma da fyaɗe, DNA ce kaɗai hujjar masu ƙara, da adadin ɗaya cikin miliyan 200. Matar da aka yi wa laifin ba ta nuna shi ba lokacin da aka jera mutane a gabanta, ta ma ce bai yi kama da wanda ya far mata ba, budurwarsa kuma ta ce tare suka kwana. Lauyoyinsa suka kira Farfesa Peter Donnelly ya koya wa masu taimaka wa alƙali ƙa'idar Bayes, wato hanyar da ake bi a sabunta yiwuwa duk lokacin da sabuwar hujja ta shigo. Aka same shi da laifi, aka sake shari'ar, aka ƙara samunsa. Kotun ɗaukaka ƙara tun a 1996 ta nuna cewa tilasta wa mutanen gari su sa wa kowace shaida adadi yana jefa su cikin ruɗu, yana kuma kawar da su daga aikinsu na auna hujjoji da hankalin da Allah ya ba su.

Akwai kuma ƙorafe-ƙorafe na aikin yau da kullum. Manhajar karatun lauya ta riga ta cika, kuma kwas na wata uku ba zai mai da kowa masani ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu iya magana: mai gabatar da ƙara a shari'ar Collins ai ya ɗan san ninkawa, abin da ya kai shi ya baro ke nan. Sannan ƙwararru kuɗi ake biyansu. Kamfani ko gwamnati na iya ɗauko farfesa uku, talaka kuwa ko lauya ɗaya da ƙyar.

Idan aka ɗora hujjojin nan gefe da gefe, abu ɗaya yana fitowa wanda masu adawa ba su cika son a ambata ba. Duk wanda ya rushe mugun adadi, da ilimin adadi ya rushe shi. Hukuncin da ya ceci Collins yana ɗauke da rataye na lissafi wanda ya nuna cewa ko da an karɓi miliyan 12 ɗin, yiwuwar akwai wasu ma'auratan masu irin siffofin a yankin tana iya kaiwa kusan kashi 40 cikin 100. Tribe kansa digirinsa na farko a lissafi ya yi kafin ya karanta shari'a. Misalin Cohen ba ya kama hankalin wanda bai san abin da rinjayen kashi 50.1 yake nufi ba. Ke nan hujjojinsu suna nuna iyakar da ya kamata a sa wa adadi a kotu, amma ba su nuna cewa lauya ya zauna bai san shi ba. Rashin sanin lauya ba ya hana adadi shigowa. Likita zai kawo shi, mai gwajin jini zai kawo shi, akawun banki zai kawo shi. Abin da rashin sanin yake hanawa kawai shi ne a yi masa tambaya.

Haka kuma ƙin sauraron ƙididdiga ba ya barin kotu a tsakiya, wani lokaci gefe yake tura ta. A shari'ar McCleskey da Kemp ta 1987 an gabatar wa Kotun Ƙolin Amurka binciken Farfesa David Baldus a kan shari'o'in kisa fiye da 2,000 a jihar Jojiya, wanda ya nuna cewa wanda aka tuhuma da kashe farar fata ya fi fuskantar hukuncin kisa da ninki 4.3 a kan wanda aka tuhuma da kashe baƙar fata. Alƙalai 5 cikin 9 suka ce ko da binciken daidai ne, sai Warren McCleskey, wanda ake tuhuma, ya nuna an yi masa wariya shi kansa a tasa shari'ar. An zartar masa da hukuncin kisa a 1991. Wannan ita ce ƙa'idar Cohen, ta neman hujja a kan mutum ɗaya, amma a nan ta juyo ta faɗa kan wanda ake tuhuma. Mai shari'a Lewis Powell, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya faɗa wa marubucin tarihinsa bayan ya yi ritaya cewa da zai sami dama da ya sauya ƙuri'arsa. Darasin da ya fi dacewa a ɗauka shi ne nauyin adadi ya danganta da abin da ake son yi da shi. Bai isa a ɗaure mutum da shi kaɗai ba, amma ya isa ya haifar da shakka, ya kuma isa ya sa hukuma ta yi bayanin kanta.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san fiƙihun shari'a. Malaman Malikiyya sun daɗe suna tattauna hukunci da ƙarina, wato alamar da ke nuni ga gaskiya ba tare da ta kai shaidar gani da ido ba, kuma Ibn Farhun ya ba batun wuri mai faɗi a littafinsa Tabsiratul Hukkam. Sanannen abu ne kuma cewa shubuha tana kawar da haddi. A 2002 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka ta amince a yi amfani da gwajin DNA wajen binciken laifuffukan da ba na haddi ko ƙisasi ba, da wajen gano nasabar wanda ba a san iyayensa ba, amma ta hana a kore nasabar da ta riga ta tabbata da shi. Wato an karɓi gwajin, an kuma yi masa shinge. Alƙalan kotunan shari'ar Musulunci a ƙasar Hausa ma ba baƙin lissafi ba ne, rabon gado ya ishe su misali. Sai dai hisabin gado lissafi ne na tabbas, sumuni sumuni ne ko a gaban wa. Lissafin yiwuwa kuwa yana auna abin da ba a sani ba, kuma wannan horo ne na daban.

A Nijeriya batun yana da nauyi na musamman saboda dalilai na tsarin shari'ar ƙasar. Ba a amfani da mutanen gari masu taimaka wa alƙali, shi kaɗai ke auna hujja ya kuma fassara doka. Don haka tsoron da kotun Ingila ta nuna a shari'ar Adams bai cika shafar ƙasar ba, nauyin duka yana kan mutum ɗaya da ake iya horarwa. Dokar Shaida ta 2011 ta ba da damar karɓar ra'ayin ƙwararru a sashe na 68, ta kuma ajiye ma'aunin rinjayen hujja a sashe na 134 da na kawar da shakka a sashe na 135. Sannan kotunan ƙasar sun daɗe a kan cewa shaidar da ba a ƙalubalanta ba lokacin tambayoyin ƙeƙe-da-ƙeƙe, alƙali yana iya aiki da ita. Lauyan da ya ji an ambaci miliyan ya zauna shiru ya miƙa wuya ke nan a madadin wanda yake karewa. Alƙaluma kuwa suna ƙara shigowa: jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017, rigingimun nasaba suna kai mutane ɗakunan gwaji, kotunan ƙararrakin zaɓe kuma suna karɓar rahotannin masu nazarin ƙuri'u na dubban rumfuna. Akwai ma wata tambaya da ta shafi yankunan da auren zumunci ya yawaita. Adadin ɗaya cikin miliyan ana fitar da shi ne a kan mutanen da ba su haɗa jini da wanda ake tuhuma ba. Idan wanda zai iya aikata laifin wansa ne, ko ɗan baffansa wanda kuma ɗan gwaggonsa ne, yiwuwar dacewar jini tana ƙaruwa sosai, kuma ƙwararre ba zai faɗi haka ba sai an tambaye shi.

Ƙasashen da suka ɗanɗana kuɗar wannan matsala ba su mai da lauyoyinsu malaman lissafi ba. Cibiyar horar da alƙalan tarayya ta Amurka ta fara fitar da littafin jagora kan shaidar kimiyya a 1994, da babi na musamman a kan ƙididdiga. A Ingila, ƙungiyar masana ƙididdiga ta haɗa hannu da makarantar horar da lauyoyi masu tsayawa a kotu suka fitar da ɗan littafin jagora a 2017. Abin da ake koyarwa bai wuce a iya tsayar da ƙwararre a tambaye shi ba: daga ina adadin ya fito, a kan waɗanne mutane aka ƙirga shi, abubuwan da aka ninka suna da alaƙa da juna ko babu, sau nawa ɗakin gwajin yake kuskure, kuma adadin yiwuwar ganin wannan hujja ce idan mutum ba shi da laifi, ko kuwa ana sayar da shi a matsayin yiwuwar rashin laifin kansa. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, a shari'ar Doheny da Adams (wani Adams daban, ba Denis ba), ta riga ta shata wa ƙwararren DNA iyaka a kan tambaya ta ƙarshe. Yana iya faɗin yadda irin wannan dacewa take da ƙaranci a cikin jama'a, yana ma iya faɗin mutum nawa ake sa ran za su dace a ƙasar, amma ba a tambayarsa ko wanda ake tuhuma ne ya bar jinin. Wannan tambayar ta kotu ce, bayan ta haɗa adadin da sauran hujjojin da ke gabanta.